Gadar da Ta Ƙi Faɗuwa a Taswira

Shekara talatin da huɗu Strahil Donchev ya yi yana raba wasiƙu a Lozenik da ƙananan ƙauyuka biyu da ke bayan dutse, ya kashe keke uku a kan aikin. Gidajen Lozenik suna da lamba a takardar hukuma, amma ba wanda ya taɓa kiran gida da lambarsa. Laƙabin kakan gida shi ne sunan gida: gidan Masu Tafarnuwa, gidan Petko Gurgu, gidan da aka sace jaki. In wasiƙa ta zo da lamba kaɗai, Strahil yakan dubi rubutun hannun da ke bayanta ya jefa ta jaka, ya riga ya san ƙofar da za ta shiga.

Dogon mutum ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka inda igiyar jaka ta zauna shekara da shekaru. Ba shi da yawan magana. Tsofaffin da idonsu ya yi rauni shi yake karanta musu wasiƙa a tsaye bakin ƙofa, wani lokaci su zaunar da shi ya rubuta musu amsa. A nan ya haddace maganar da kowace wasiƙar Lozenik take farawa da ita in za ta wurin 'ya'yan da suka tafi neman abinci Sifen ko Italiya ko Jamus: muna lafiya, komai yana nan yadda ka bar shi. Ya rubuta ta a ɗakin da rufinsa ke yoyo cikin tukwane uku. Ya rubuta ta da yawun mutumin da likita ya riga ya ce a mayar da shi gida. Ba wanda yake kiran wannan ƙarya. Yaro yana can yana dakon kaya a ƙasar mutane, me kuma za a ƙara ɗora masa?

Da wayoyi suka zo wasiƙu suka ƙafe, aka rufe gidan waya, aka sallami Strahil da takardar fansho da agogon bango. Maganar dai ba ta mutu ba, waya ta koma. Maƙwabciyarsa Keva, wadda ta girme shi da shekara tara, bango ɗaya tak take shafa wa farar ƙasa kowace shekara, wanda ke bayan kujerar da take zama in ɗanta Nedko ya kira ta ta bidiyo ranar Lahadi. Ta jera tukwanen fure huɗu a gindinsa. Sauran bangwayen sun tsage har mutum na iya zura hannu. Nedko a masana'antar tayil yake aiki a Sifen, shekara goma sha huɗu rabonsa da Lozenik, kullum sai baɗi.

Kogi ne ya raba ƙauyen biyu, Unguwar Ƙasa da Unguwar Tudu. A Tudu mutum goma sha ɗaya suka rage, cikinsu har da Keva da Strahil da matarsa Tsonka. Shekara shida da suka wuce ambaliya ta tafi da gadar da ta haɗa unguwannin, ta bar ƙafafunta biyu na dutse tsaye a ruwa. Aka zo aka auna, aka tafi. Mutane suka buɗe wa kansu hanya. Tun ana saura kilomita uku a iso ƙauyen sai a saki kwalta, a shiga ta ƙofar tsohuwar gonar haɗin gwiwa, a ratsa tsakarta, a bi ƙarƙashin itatuwan tuffa da suka zama kurmi, a haye kwalbatin da taraktoci ke bi a da, can sama inda kogin bai yi faɗi ba. Mai kawo burodi ya san hanyar, limamin coci ya san ta. Ba wanda ya ga dalilin faɗa wa 'ya'yan da ke waje.

Tsonka ta faɗi ne wata Laraba cikin Oktoba, bayan cin abincin rana, tana gasa jan tattasai a tsakar gida don ajiyar hunturu. Ta ce hannunta ya yi nauyi, ta zauna a ƙasa ta jingina da buhun tattasai. Strahil ya kira motar asibiti, Keva ta tsallako ta ɗora kan Tsonka a cinyarta. Motar ba ta yi jinkirin tasowa ba. Direban baƙo ne a yankin, ya bi abin da taswirar wayarsa ta nuna masa, taswirar kuwa tana da gada. Daga tsakar gidansa Strahil ya hango farar motar a ƙetare, tsaye inda hanya ta yanke. Ya gangara a guje. An kwana uku ana ruwa, kogin yana ruri, ya yi ihu direban bai ji ba, direban ya yi ihu shi ma bai ji ba. A kwarin nan waya ba ta kamawa. Sai ya dinga nuni da hannu biyu: koma baya, zagaya, can sama. Babu wurin juyawa, da baya motar ta fita. Minti hamsin ta ƙara kafin ta iso. Shi kuwa da ya hauro ya tarar Keva ta riga ta cire ɗankwalinta ta rufe wa Tsonka fuska, tattasai yana ta ƙonewa a kan wuta.

Bai yi kuka ranar ba, bai yi ba ranar binnewa. Ya liƙa takardar rasuwa a ƙofar gida da jikin itacen dandali, ya dafa alkama ranar arba'in ya raba, duk abin da ake yi ya yi. Ya gama gasa sauran tattasan don kada ya lalace, ya ɗura a kwalabe ya jera, bai buɗe ko ɗaya ba. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka babu wanda zai kira shi ranar Lahadi. Yakan tashi ƙarfe biyar kamar lokacin aiki, ya sa takalmi, ya zauna a bakin gado da takalmin a ƙafa har gari ya waye sosai. Abinci ba ya masa daɗi, ba ya masa ɗaci. 'Yan wajen da suka kira gaisuwa aka ce musu zuciya ce, farat ɗaya, ba ta sha wuya ba.

Ranar Talata wata mata mai suna Rumyana takan zo daga birni ta buɗe gidan karatu na Unguwar Ƙasa, ta hura murhu ta kunna kwamfuta biyu. Ta ba hamsin baya, tana da ƙarfin murya, kowa nata ne. Strahil ya fara zagayowa a keke yana zama kusa da murhun, ba don karatu ba. Talata ta uku ya yi magana.

"Wa ke zana hanyar da ke cikin waya?"

"Ya danganta da taswirar, Bai Strahil. Akwai wadda kowa ke zanawa." Bai kalmar girmama dattijo ce a wurinsu, kamar a ce Baba.

"Kowa wa?"

"Kowa fa. Ni, kai, wani sarkin naci a Finland da bai da aikin yi."

"Kuma ba mai cewa wa ya aike ka?"

"Za su ce mana. Kai ma sai ka ce wa ya aike su." Ta jawo masa kujera. "Manhajoji da yawa na direbobi daga nan suke kwasa. Ban ce duka ba, kada gobe ka ce Rumyana ta ce. Zauna. Wane suna zan sa maka?"

Aka sa masa Mai Wasiƙa. Ta buɗe Lozenik kamar yadda tsuntsu zai gan ta, ga kogi shuɗi, ga siririn layi ya haye shi. Ta nuna masa yadda ake kama layi da yadda ake goge shi. Ya ɗora kibiyar kwamfutar a kan gadar ya danna, gadar ta ɓace. Ya ɗan jira ko zai ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Akwai wurin da ake rubuta dalilin gyara. Ya rubuta kalma ɗaya, gyara. Sannan ya zana hanyar gona daga ka, a karkace, hannunsa bai saba ba.

Haka ya sami aikin hunturu. Rumyana ta saita masa wayarsa, ya koma yi a gida. Kullum da safe ya sa gida biyar ko shida, kowane da laƙabinsa, don in tsoho ya kira mota ba lamba zai faɗa ba. Rumyana ta ji daɗin abin har ta yi shela a zauren 'yan Lozenik na intanet, inda 'yan waje ke musayar tsofaffin hotuna, ta ce ƙauyenmu ya hau taswira, mai hannu ya sa.

Suka sa kuwa. Wata a Milan ta Italiya ta mayar da gidan burodin da aka rufe tun Strahil yana kan kekensa na biyu. Wani a Stuttgart ta Jamus ya zana filin ƙwallo da ragarsa biyu, inda yanzu ƙaya ta fi mutum tsawo. Aka sa makaranta har da lokacin tashi, aka sa majigi, aka sa famfon dandali da ya ƙafe. Suna yi suna tsokanar juna a ƙasan kowane gyara, wannan ya ce shagon aski a hagu yake, wancan ya ce kai da ba ka taɓa aski ba. A taswira Lozenik ta cika maƙil yadda ba ta taɓa cika ba. Strahil yana gani, bai goge ko ɗaya ba. Gidan burodi da makaranta ba sa kashe kowa.

Wata safiya cikin Fabrairu ya buɗe ya ga gadar ta dawo. Wani mai suna Lozenik71 ne ya mayar da ita. Strahil ya goge. Washegari ta dawo, an kuma share hanyar gonar gaba ɗaya. Ya sake zanawa, ya sake gogewa, ya rubuta gyara. Sau biyar ana haka. A na biyar Lozenik71 ya bar dogon saƙo: "Wai wane ne wannan da ke ta rushe mana gada? Ba a bi ta gonar haɗin gwiwa, mai gadi ne zai kore ka da sanda. A kan gadar nan na karya haƙorina na gaba ina aji uku. Gadar tana nan, uwata ma ta haye ta jiya zuwa coci."

Strahil ya karanta sau biyu. Shi ya ɗauki yaron a sandar kekensa zuwa wurin nas ranar, jini ya ɓata wasiƙu uku. Nedko ne.

Kafin yamma wata mata daga birnin Plovdiv, cikin waɗanda suka daɗe suna aikin taswirar, ta shiga tsakani. Ta ce su daina. Ta ce ƙa'idar ɗaya ce, abin da ke ƙasa shi ake zanawa, hoton sama kuwa tsoho ne. Wanda ke wurin ya kawo hoto mai kwanan wata a sa kowa ya gani. Kafin nan ta bar taswirar yadda take tun asali. Wato da gada.

Washegari ya tarar da Keva a kicin tana tsince wake a faranti, ƙafafunta a kan kujera sun kumbura.

"Maƙwabciya, shekaranjiya kin je coci?"

"Da wace ƙafar? Taka za ka ara mini?"

"Nedko ya ce kin haye gada."

Hannunta ya tsaya cikin waken. "Kai da Nedko yaushe kuka fara hira?"

"A taswira."

"A taswira! Tsoho da kai, kai duk furfura, kana dambe da yara a cikin waya. Tsonka, Allah ya gafarta mata, da ta ƙwala maka ludayi."

"Zan ɗauki hoton wurin in sa."

"Ba za ka sa ba."

"An ce sai da hoto."

"Wa ya ce? Minista?"

"Wata mata a Plovdiv."

"To matar Plovdiv ta ji da gadojinta." Ta ture farantin. "Ka san abin da zai yi in ya gani? Tun bara matarsa ke cewa akwai ɗaki. Hawa na shida, Strahil. Taga ɗaya, tana kallon wurin ajiye motoci. Su fita tun safe su kulle ni kamar kyanwa. Marigayiya Gina ta gidan Masu Tafarnuwa wata bakwai ta yi a Italiya, aka ƙone gawarta aka dawo da ita toka a cikin tulu. Ni a ƙasa za a sa ni, kusa da mijina, da ƙafafuna biyu."

"Ƙwayar da kike sawa a ƙarƙashin harshe, sau nawa a makon nan?"

"Kai likita ne ko ɗan sanda?"

"Sau uku na gani ta katanga."

"To ka daina leƙen matan mutane."

"In kin faɗi zan kira mota. Bakin gada za ta je."

"Sai ka hau wannan ƙarfen naka ka tare ta a ƙofar gona."

"Wa zai riƙe miki kai?"

Keva ta jawo farantin ta ci gaba da tsinta, tana jefa mai kyau da marar kyau wuri ɗaya.

"Kai ka rubuta mini wasiƙun nan da hannunka," ta ce can. "Shekara nawa? Rufi na zuba a wuyanka kana rubuta komai lafiya. Yau kuma ka tashi mai gaskiya?"

"Wasiƙa ɗanki ke karantawa. Wannan direba ke karantawa. Ba ke kaɗai ba ce, mu goma sha ɗaya ne a Tudu."

"Goma," ta ce. "Har yanzu ƙirga ta kake yi."

Ya tsaya kaɗan da hularsa a hannu, sannan ya fita. Ta bi shi da murya: "In ka sa hoton nan, kada ka ƙara tsallako mini katanga!"

Kwana uku bai taɓa wayar ba. Ba wani dogon tunani ya yi ba, tunani ma ba ya zama a kansa tun Oktoba. Ya faskare itace, ya share dusar ƙanƙara daga ƙofarsa da ta Keva. Rana ta uku da safe ya hango ta ta katanga, ta dafa turken inabi da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben aljihun rigarta. Ta daɗe a haka kafin ta miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wayar.

Tun ranar Larabar nan bai gangara bakin kogi ba. Ruwan ya ja, yana tafiya shiru tsakanin duwatsu, ƙanƙara ta kama gefensa. Wurin bai yi kama da inda wani abu ya faru ba. Ya tsaya daidai inda ya tsaya yana nuni da hannu, ya ɗaga wayar. Hoto huɗu ya ɗauka, ɗaya babban yatsansa ya rufe rabinsa. Ga ƙafafun dutse biyu, ga kwalta ta zo ta tsaya a sarari, wani ɗan itace ya tsiro a tsagarta. Daga nan ya kunna abin da Rumyana ta nuna masa mai bin sawun mutum, ya hau keke tun daga ƙofar gidansa, ya haye kwalbatin, ya bi ƙarƙashin tuffa, ya ratsa gonar har bakin kwalta, wayar tana aljihu tana zana inda ya bi.

Da ya zauna rubutawa, yatsansa da kansa ya fara da muna lafiya. Ya goge. Abin da ya aika shi ne wannan: "Nedko, ni ne Strahil mai wasiƙa. Gadar ta tafi shekara shida da suka wuce. Ga hotonta na yau. Ranar sha tara ga Oktoba motar asibiti ta bi taswira ta tsaya a nan, Tsonka ta rasu kafin ta zagayo. Mai gadin gona ya daɗe da mutuwa. Hanyar gona ita ce hanya. Kada a mayar da gadar."

Wurin da ya rubuta ba akwatin Nedko ba ne, kowa na gani. Ya san da haka.

Yini guda ba wanda ya ce uffan, har masu faɗan shagon aski. Washegari ya buɗe ya ga babu gada. Lozenik71 ne ya cire ta da hannunsa. Ya kuma bi sawun keken ya sake zana hanyar gonar tsaf, ta fi ta Strahil kyau nesa, ya nuna cewa ba kwalta, ya sa alamar ƙofa, ya sa kwalbatin da faɗinsa. A ƙasa ya rubuta: "Ka yafe mini, Bai Strahil. Ban sani ba." Matar Plovdiv ta duba ta ce ya yi, ta yi wa Strahil ta'aziyya a layi ɗaya ta koma harkarta.

Sai tambayoyi suka ɓarke, duk zuwa ga Mai Wasiƙa. Makarantar fa? Famfon yana kawo ruwa? Bai Strahil, rufin gidanmu yana nan? Bai Strahil, gaskiya babana da sanda yake tafiya? Ya amsa na makaranta da famfo da fili. Na mutane ya ce abin da ke taswira kaɗai zai amsa, sauran kowa ya tambayi nasa. Ta Milan ta cire gidan burodinta. Na Stuttgart ya ƙi cire filin, sai ya rubuta a jikinsa cewa a da ne. Cikin mako biyu Lozenik ta rame a taswira har ta yi kama da kanta. A Tudu kuwa aka rage gaisa da Strahil. Tsohon gidan Petko Gurgu ya tofar da yawu da ya wuce, ya ce 'yarsa ta hana shi sakat, wai sai ya nuna mata matakalar gida.

Nedko bai jira Lahadi ba, ranar Alhamis da rana ya kira. Strahil yana tara itace a gindin katanga, ya ji komai.

"Mama, juya wayar."

"Batir ya kusa ƙarewa, ɗana."

"Juya ta in ga gidan."

"Me za ka gani? Gida gida ne. Ka ci abinci? Ka rame."

"Mama."

Sai ya ji takun silifas ɗinta tana zagaya tsakar gidan a hankali, bango bayan bango. Daga wayar wata ƙaramar murya ta fito kamar ta mai mura. Strahil ya ɗauki itacensa ya shiga ciki.

Keva ta cika alkawarinta. Ba ta ƙara yi masa magana ba har ƙanƙara ta narke. In ya share mata ƙofa sai ta fito ta sake sharewa. Shi kuma kullum da safe, bayan ya sa takalmi, yakan buɗe taswirar ya duba kogin. Babu gada. Ya rufe. Wannan ne ya maye masa gurbin zaman bakin gado.

Ana saura kwana biyu bikin Ista wata jar motar haya ta fito daga cikin itatuwan tuffa, taɓo har ƙofofinta. Mutumin da ya fito yana da tumbi da sanƙo, sai da ya yi murmushi haƙorin roba ya nuna sannan Strahil ya tabbatar. Nedko ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Wa ya nuna maka hanya?" Strahil ya tambaya.

"Wayar. Ta ce in saki kwalta in shiga gona. Na ce wannan ta haukace, amma na shiga."

"Ba ta kai ka bakin kogi ba?"

"A'a, Bai Strahil. Har ƙofar nan ta kawo ni."

"To," in ji Strahil. Ya dubi tayoyin motar, ya dubi hanyar da ta fito. "To."

Kwana shida Nedko ya yi. Ya hau rufi ya sauko, ya zura hannu a tsagar bango, ya kai uwar wurin likita a birni ya dawo fuskarsa a ɗaure. Ana jin su ta katanga safe da yamma, ita tana rantsuwa ba inda za ta, shi yana cewa na 'yan watanni ne kawai, sai an yi mata aikin zuciya. Rana ta biyar aka daina jin muryarta. Rana ta shida Nedko ya fito da akwati biyu da hoton ubansa a naɗe cikin bargo.

Keva ta fito da baƙar rigarta ta zuwa coci, riƙe da kwanon hatsi. Ba ta nufi motar ba, katanga ta nufa. Strahil yana tsaye a ɓangarensa.

"Kai, mai wasiƙa."

"Na'am, maƙwabciya."

"Ka ji daɗi? Ka gyara hanya, ga shi ta zo ta ɗauke ni."

Strahil ya dubi kwanon da ke hannunta.

"Kaji bakwai ne. Safe da yamma, ba sau ɗaya ba, na san halinka. Ka rufe su da wuri, akwai dila. Baƙar ba ta ƙwai, amma in na ji ka yanka ta, ko daga hawa na shida sai na sauko maka."

"Ta yaya za ki ji?"

"Kai za ka faɗa mana. Ai yanzu bakinka ba ya rufuwa."

Nedko ya yi hon a hankali. Ta miƙo kwanon ta saman katangar, Strahil ya sa hannu biyu ya karɓa.